Gauraka Da Ungulu Sun Yi Nisa, Sunayensu Na Bin Sawu: Aikin Da Ke Gaban Mawaƙi Da Mai Kyamara

Masu iya magana sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Kafin Bahaushe ya kai ga yanke wannan hukunci, sai da ya zauna a gindin bishiya ya kasa kunne safe da yamma, har ya rarrabe kukan kurciya da na hasbiya da na tattabara. Haka kuma wanda ya fara cewa ungulu ba ta jewar banza, ya daɗe yana ɗaga kai sama kafin ya tabbatar cewa duk inda ta dage da kewaye, to akwai mushe a ƙasa. Karin maganarmu cike take da irin wannan lura ta mutanen da suka zauna da tsuntsaye zaman maƙwabtaka. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu a wannan fili ita ce, mu da muka gaji waɗannan kalamai muke ƙawata jawabanmu da su a tarurruka, mutum nawa ne a cikinmu zai iya nuna tsuntsayen da ake zance a kansu? Su kuma tsuntsayen, nawa suka rage da za a nuna?

Ilimin da ke cikin suna

Duk wanda ya nazarci sunayen tsuntsaye a Hausa zai tarar cewa ba da ka aka raɗa su ba. Wasu an ɗauko su daga kukan tsuntsun, kamar hankaka, wanda in ka furta sunansa kamar ka kwaikwayi muryarsa ne. Wasu daga siffa aka samo su, kamar jan-baki, da babba-da-jaka mai rataye da wata fata a wuya kamar zabira. Wasu kuma hali aka duba, kamar ragon-maza, wanda ya fi son saɓe cikin duhuwa, in ma ya tashi ba ya nisa sai ya sauka. Akwai waɗanda suka shigo ta hanyar karatu, kamar alhudahuda, wanda muka aro daga Larabci har da harafin al na farkonsa. Ga kuma bambancin karin harshe, inda wani ke cewa ungulu wani angulu, wani makwarwa wani fakara. Hatta ayyukan tsuntsu kowanne da kalmarsa: shirwa jewa take yi, shaho sura yake yi, zakara cara, kaza kwanci da ƙyanƙyasa.

Wani lokaci ma karin magana kan riga binciken zamani isa wurin. Muna cewa hankaka mai da ɗan wani naka, har a tatsuniyar baka ana cewa wai satar 'ya'yan wasu yake yi. Masana tsuntsaye sun tabbatar cewa akwai wani tsuntsu ɗan dangin ragon-maza wanda ba ya wahalar da kansa da yin sheƙa, sai ya faki idon hankaka ya saka ƙwai a cikin tasa, hankaka ya yi kwanci ya ƙyanƙyashe, ya kuma ciyar da ɗan da ba nasa ba. Ashe abin da kakanninmu suka gani gaskiya ne, sai dai hankaka shi aka cuta, shi kuma aka ɗora wa laifin.

Da yawa daga cikin waɗannan sunaye suna nan a ajiye cikin ƙamus. G. P. Bargery, a ƙamusunsa na 1934 mai ɗauke da kalmomi kimanin 39,000, ya tattara sunayen tsuntsaye masu yawa, haka ma R. C. Abraham a nasa na 1949, sannan ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. To amma kalmar da ke kwance a ƙamus ba tare da mai furta ta ya san abin da take nufi ba, ta kama hanyar kabari. Na sha gwada ɗalibaina a aji, matasa masu Hausa a baki, in ce su siffanta mini carki ko yautai ko tuje. Akasari sun taɓa jin sunan, wasu ma su kawo karin magana a kai, amma da an zo batun launi da girma da inda tsuntsun ke kiwo sai aji ya yi tsit. Ko mikiya da muke kirari da hangen nesanta, tsofaffin ƙamusoshi sun danganta sunan da wata babbar ungulun daji, alhali mu yau da shi muke kiran kusan duk wani babban tsuntsu mai farauta. Haka ma'ana ke zamewa idan ido ya daina ganin abin da baki ke faɗa.

Ba mu kaɗai wannan cuta ta kama ba. A Ingila, bugun 2007 na ƙaramin ƙamusun Oxford na yara ya zubar da wasu kalmomin tsirrai da tsuntsaye, har da sunan zalɓe, aka cike gurbinsu da kalmomin kwamfuta da intanet. Marubuta suka yi ca a kan lamarin. Daga bisani, a 2017, marubuci Robert Macfarlane da mai zane Jackie Morris suka fitar da littafin The Lost Words, wato kalmomin da suka ɓace, inda aka ba kowace kalma waƙarta da zanenta. Littafin ya karɓu ƙwarai, har jama'a suka riƙa tara kuɗi suna saya wa makarantun firamare. Abin lura shi ne maganin da suka zaɓa: waƙa da hoto a shafi guda.

Waɗanda suka yi ƙaura ba sallama

Nijeriya na da tsuntsaye sama da nau'i 900, kuma kaso mai tsoka daga ciki a Arewa ake samun su. Amma duk wanda ya haura shekara 40 ya san sararin samaniyar yau ba ta kai ta jiya cika ba. A da, babu kwata ko kasuwar ƙauye da za ka je ba ka tarar da ungulaye jere a kan katanga suna jiran mahauta su tashi ba. Yau yaro zai iya girma a Kano ko Zariya ko Sakkwato har ya gama sakandare bai taɓa sa ungulu a ido ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke fuskantar barazana a duniya, ta sanya wannan ungulu tamu ta cikin gari a sahun masu dab da ƙarewa. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a shekarar ya nuna cewa nau'o'in ungulu 8 na Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a tsawon shekara 30, kuma guba da cinikin sassan jikinsu don tsibbu da maganin gargajiya su ne sanadin kusan kashi 90 cikin 100 na mace-macen da aka ƙididdige. Wannan ciniki kuwa kasuwanninmu na cikin manyan cibiyoyinsa.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin baƙin ciki a rashin ƙazamin tsuntsu mai cin mushe? Indiya ta riga ta ba da amsa. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar duk ungulun da ta ci naman. Sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwan sha ya gurɓace, karnukan titi suka yawaita tare da ciwon haukan kare. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a binciken da suka wallafa a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi, kuma ba a san darajarta ba sai da ta bar aiki.

Gauraka ma haka labarinsa yake. Wannan tsuntsu mai tukku kamar zinariya, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, a da garke-garke ake ganinsa a fadamun Arewa. Bushewar fadamu da kama shi don sayarwa ga masu son ado a gidajensu sun sa yau ganinsa a dajin ƙasar nan ya zama abin labari. Shamuwa kuwa, wadda ke baro kudanci da gabashin Afirka ta iso mana dab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari tana cin fara da tsutsa, al'ada ta daɗe da ba ta kariya, domin manomi ya ɗauke ta mai bushara da ruwa. Amma al'ada ta hana a taɓa shamuwa, ba ta hana a sare rimi da tsamiya da kukar da take sauka a kai ba.

Wanda ke son ganin abin da ya rage, da kuma abin da ake gudun rasawa, sai ya nufi dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa a Jigawa da Yobe kafin su zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. An ƙirga tsuntsaye sama da nau'i 350 a wurin, cikinsu har da agwagin ruwa da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, sannan Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Tun 1989 Yarima Philip na Ingila ya tako har Dagona don ganin tsuntsayen. Sai dai tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da ke rayar da dausayin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya suka shiga matsi tare da tsuntsayen. Jami'an gwamnati da 'yan boko nawa ne daga Kano ko Dutse ko Damaturu suka taɓa kai iyalinsu wurin da baƙo ya yo takakkiya daga Turai don gani?

Abin da waƙa za ta yi

Adabinmu bai taɓa rabuwa da tsuntsu ba. A Alƙur'ani mai girma mun karanta labarin alhudahuda da Annabi Sulaimanu, da na hankakan da ya nuna wa ɗan Adam yadda ake binne gawa. A ƙarni na 12 Fariduddin Attar na ƙasar Farisa ya gina doguwar waƙarsa ta sufanci, Manɗiƙuɗ Ɗairi, a kan tafiyar tsuntsaye ƙarƙashin jagorancin alhudahuda. A nan gida, Abubakar Imam ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakin aku, har ya kai shi matsayin waziri. Makaɗan fada kuwa sun saba kiran gwarzonsu shaho ko mikiya, su yi wa abokin hamayya zambo da mujiya ko ungulu.

To amma a iya nazarina, tsuntsu a waƙar Hausa yawanci ɗan aike ne. Ana ɗauko shi don a yabi sarki, ko a zagi maƙiyi, ko a siffanta masoyiya da farar tattabara, da ya isar da saƙo sai a sallame shi. Rubutacciyar waƙarmu ta fi ƙarfi a wa'azi da madahu da siyasa da wayar da kai, kuma wannan abin alfahari ne. Waƙoƙin da suka tsaya suka ƙura wa halitta ido don kanta, irin Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali, ba su da yawa. A Ingila kuwa, mawaƙa irin su John Keats a 1819 da P. B. Shelley a 1820 kowannensu ya sadaukar da waƙa sukutum ga tsuntsu guda, kuma har yau yaran makaranta na haddace su. Mawaƙan Japan masu gajerun waƙoƙin haiku sun tanadi kundin kalmomin da ke nuna lokutan shekara, ta yadda ambaton wani tsuntsu kaɗai ya isa a gane bazara ake ciki ko kaka. Mu ma muna da irin wannan a shirye. Ka ce shamuwa, Bahaushe ya ji ƙamshin ruwan farko. Ka ce jan-baki, ya tuna gero ya fara ido, yara na kan rumfa suna kaɗa gwangwani.

Amfanin waƙa a nan a fili yake. Kari da amsa-amo su ne suka riƙe mana fiƙihu da tauhidi da lissafin taurari a ƙwaƙwalwar almajirai tun zamanin su Shehu Usmanu da Nana Asma'u. Abin da aka waƙe ba ya saurin ɓacewa. Sai dai irin waƙar da nake kira gare ta tana da sharaɗi, wato mawaƙi ya fita ya gani da idonsa. Wanda zai waƙe zalɓe, sai ya san yadda yake tsayawa cik a bakin ruwa kamar an dasa shi, da yadda yake lanƙwashe wuya idan ya tashi sama. Wanda zai waƙe carki, sai ya bi garke ya ga yadda yake maƙale a gadon bayan sa yana cire kaska. Baiti guda da ya fito daga irin wannan lura ya fi ƙwar biyar goma da aka cika da kamance na gado.

Abin da kyamara za ta yi

Waƙa na sa a so tsuntsu, amma ba ta isa a gane shi a daji ba. Nan hoto ke shigowa. Kafin zuwan kyamara, mai son zana tsuntsu sai ya fara harbe shi. John James Audubon na Amurka, wanda ya fitar da shahararrun zane-zanensa 435 tsakanin 1827 da 1838, da bindiga yake samo tsuntsayen, ya tokare su da waya, sannan ya zana. Kyamara ce ta raba sha'awar tsuntsu da kashe shi. A 1895 wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, suka fitar da littafin sheƙunan tsuntsaye wanda gaba ɗayansa hotuna ne da aka ɗauka a daji. Cikin dabarunsu har da shiga cikin fatar sa da aka ɗinke aka tsayar kamar mai rai, su leƙo da kyamara ta wata kafa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga maharbin ƙasar Hausa, wanda ke ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa yana rausaya har ya kusanci abin farauta. Haƙurin da sanɗar duk muna da su, abin da ke hannu kawai za a sauya.

Yau kusan kowane mai karanta wannan shafi yana yawo da kyamara a aljihu. Wayar hannu ba za ta kamo shirwa a sama ba, amma ta isa ta ɗauki balbela a bayan shanu, ko sheƙar shamuwa, ko cilakowa a kan darbejiya, kuma tana adana rana da wurin da aka ɗauka. Da wannan sai hoto ya zama shaida. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai masu kimanin kilomita 9 kowane gefe, 'yan sa-kai su shiga su rubuta duk tsuntsun da suka gani. Malamin makaranta a Gumel ko ma'aikacin asibiti a Argungu zai iya ba da gudummawar da babu wani farfesa da zai bayar daga ofis. Kada kuma a ɗauka an gama gano komai, domin a 1998 ne masana suka fara bayyana wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu na duwatsun Jos wanda kimiyya ba ta san da shi ba kafin nan.

Ɗaukar hoto na da ladubbansa. Ba a taɓa sheƙa, ba a sare reshe don hoto ya fito, ba a korar uwa daga kan ƙwai. Sassafe da la'asar sakaliya ne haske ya fi kyau, tsuntsu kuma ya fi walwala. Mai hoto na gari kan tambayi tsoho ko makiyayi ko masunci sunan abin da ya ɗauka, ya rubuta yadda aka faɗa masa da garin da aka faɗa, domin hoton da ba suna rabin aiki ne.

Ina sane da cewa akwai mai cewa, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta tsuntsu? Akwai kuma manomin Kebbi ko Jigawa wanda jan-baki suka cinye wa shinkafa a yini guda, wanda ba za a yi masa zancen kyawun tsuntsu ya saurara ba. Duka biyun suna da hujja. Amma sanin tsuntsaye shi ne zai sa a bambance jan-baki mai ɓarna da shamuwa da balbela masu cin fara, shi ne kuma zai sa a tambayi abin da feshin guba ta jirgin sama ke yi wa sauran halittu da ruwan da mutane ke sha. Fadamar da ta kasa riƙe gauraka, ba da daɗewa ba za ta kasa riƙe masunci.

Shawara ga masu ruwa da tsaki

Littattafan gane tsuntsayen Afirka ta Yamma, irin na Nik Borrow da Ron Demey na 2001, da Turanci da Faransanci suke magana. Abin da ya kamata mu sa a gaba shi ne kundin tsuntsayen ƙasar Hausa cikin Hausa: kowane shafi da hoton tsuntsu, da sunansa a karin Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, da sunansa na kimiyya, da karin maganar da ta shafe shi, da 'yan baitoci sababbi. Aikin ya fi ƙarfin mutum guda. Sassan Hausa da na nazarin halittu a jami'o'inmu, waɗanda galibi katanga kawai ta raba su amma ba sa gaisawa, su ne ya kamata su haɗa hannu. Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri su koma garuruwansu da na'urar ɗaukar murya su zauna da maharba da masunta tun suna raye. Ƙungiyoyin marubuta su sa gasar waƙa a kan tsuntsu guda kowace shekara. Jaridu su ware ɗan gurbi a mako don hoton mai karatu, gidajen rediyo kuma su sa kukan tsuntsu a tambayi masu sauraro sunansa. Sarakunanmu, waɗanda maganarsu ke da nauyi a kasuwa, su tsawatar kan cinikin kan ungulu da kama gauraka.

Mu kuma iyaye, namu ya fi sauƙi. Yaron da aka nuna wa tsattsewa aka gaya masa sunanta, aka bar shi ya ɗauki hotonta, da wuya ya ɗauki danƙo ya harbe ta gobe. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Idan muka bari tsuntsayen gidanmu suka ƙare, sunayensu kuma suka bi su, jikokinmu za su gaji karin magana da babu mai iya fassara musu. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya halitta tare da mu, amin.